Tagar Noreen

Noreen Halvorsen ɗiyar wani matuƙin jirgin ruwa ce a Duluth, wani gari da ke bakin wani babban tafki. Tun tana budurwa ta kama aikin sakatariya a sashenmu na ilimin muhalli, aka ba ta wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, sai tsohon injin ɗumama gini da ke tari a bayan bango. A nan ta yi furfura.

Da jami'a ta ce za ta rushe ginin, ni ne na tashi gaban kwamiti ina kumfar baki: a gyara shi, a bar tubalinsa, a fasa bangayen ciki kowa ya zauna a fili ɗaya, a samo lantarki daga hasken rana. Aka tafa mini. Noreen kaɗai ta ƙi.

"Curtis, kai da ko tarin mutum ba ka iya jurewa?" ta ce. "Ni dai a bar mini kogona."

Na zuba mata lacca kan makomar duniya. Tana saƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Aka bi shawarata, aka gama aiki. Tsofaffin ƙofofinmu suka koma tebura, Noreen ta sami gurbi a bakin wata ƙatuwar taga mai kallon tafki. Da farko juya mata baya ta yi, tana cika tana batsewa. Wata safiya wani jirgin ruwa na dakon ƙarfe ya busa ƙaho, irin wanda babanta ya tuƙa, sai ta juyo da kujera. Ba ta sake mayar da ita ba. Ta kawo shukar tumatir, ɗalibai suka mayar da teburinta dandali, ta fasa ritayar da ta daɗe tana yi mana barazana da ita.

Ni kuwa na kasa rubuta ko layi ɗaya. Maƙwabcina yana gurgurar karas, fitilar da ke saman teburina, mai aiki da motsin mutum, tana mutuwa da zarar na nutsu, sai na ɗaga hannuwa ina kaɗawa kamar mai kiran tasi. Da abin ya ishe ni, na saci kujera na gangara tsohon ɗakinta, wanda aka mayar ma'ajiyar kekuna.

A can ta same ni, riƙe da kofin shayi.

"Farfesa, ya makomar duniya?"

"Noreen, ki rufa mini asiri."

"Ba mai ji daga bakina," ta ce, ta ajiye mini kofin.

Kafin lokacin abincin rana, har shugaban sashe ya leƙo yana tambaya ko ina yin facin tayar keke.