Na Ce Mata Ruwa Na Zuwa, Ta Dubi Sama

A zamanin Turawa ni matar aure ce mai ƙuruciya a wani ƙauye kusa da Guri, sana'ata bandar kifi. Duk unguwa an san ni da abu biyu, kyauta da saurin fushi. In na yi wa mutum alheri ina so a gani, in aka yi min dariya kuwa ba na mantawa. Wannan halin ne ya jawo abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau da tsufa ya kama ni nake so in faɗa.

Wata shekara da rani wani mutum ya iso garinmu da matarsa da 'ya'ya biyu daga ƙasar da Faransa ke mulki, can arewa da mu, sun gudo wa aikin tilas. Mangawa ne, mijin yana jin Hausa, matar kuwa sai kaɗan-kaɗan. Maigidana ya ba su wuri a kwarin bayan gidanmu suka kafa bukka, da niyyar a mayar da su tudu kafin lokacin ruwa. Mijin ya tafi aikin lebura a hanyar jirgin ƙasa, ya bar mana amanarsu. Ni na zame musu komai. Na koya wa matar girka kifi, ita da ko ƙarninsa ba ta so da farko, na nuna mata yadda ake turara ɗaki saboda sauro, na kai ta wurin mai magani da jaririnta ya yi zazzaɓi. Yaya take kirana. Babbar 'yar kuwa, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, kullum da hantsi sai ta biyo 'yar hanyar da ta haɗa bukkarsu da gidanmu, ta zo in gutsura mata kifi. Har ga Allah ina son yarinyar nan.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai an yi masa bayani. Mu ruwanmu ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Sai a yi kwanaki ba ko ɗigo, amma kogi ya cika da ruwan da aka yi can yamma, ya malalo fadama shiru, ba iska ba tsawa. Da damina ta yi nisa masunta suka kawo labari kogi ya fara tumbatsa, maigidana ya ce in gaya wa baƙuwata ta kwaso yara su dawo gidanmu. Na same ta wurin daka a cikin mata, na ce mata ruwa na zuwa, ta tashi daga kwarin nan. Sai ta ɗaga kai ta dubi sama, fes ba gajimare, ta yi dariya. Da gurguwar Hausarta ta ce su a garinsu da kallon sama suka tashi, ta san hadari tun yana nesa, yau babu ruwa, gobe ma babu. Mata suka kwashe da dariya, wata har tana tsokanata wai baƙuwa ta fi ni sanin ruwa. Kowa ya ɗauka zan yi mata bayani, tunda baƙuwata ce.

Nan take na gane ba ta fahimce ni ba. Ita ruwan sama take nufi, don rijiya da yashi kawai ta sani, ba ta taɓa ganin kogi ya bar makwancinsa ba. Da na ce mata kogi, na kama hannunta na kai ta bakin gaɓa, da shi ke nan. Amma raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata bari ruwan ya jiƙa mata tabarma, ta zo da kanta ta ba ni haƙuri. Da maigidana ya tambaye ni, na ce ai na gaya mata.

Ban zaci zai zo da wuri haka ba. Wata safiya ta goya jaririn ta tafi itace, ta bar yarinyar tana barci. Ruwa ya shigo kwarin, bai ma kai gwiwa ba. Yarinyar ta farka ba ta ga uwarta ba, sai ta kama hanyar da ta saba. A gefen hanyar akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini, ruwa ya shafe shi ya zama ɗaya da hanya. 'Ya'yanmu sun san wurin, ita ba ta sani ba. Masunta ne suka tsamo ta da azahar. Gidana take zuwa.

Bayan sadakar uku uwar ta same ni wurin banda, ta durƙusa tana kuka, ta ce in yafe mata, na gargaɗe ta ta yi min dariya, taurin kanta ne ya kashe 'yarta. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, tsoro ya hana ni. Na ce na yafe mata. Da mijin ya dawo suka ɗaure kayansu suka yi gaba, ban sake jin labarinsu ba.

Na gane ciyar da baƙo kaɗai ba shi ne riƙon amanarsa ba. Wanda ya baro ƙasarsa da ƙananan yara bai san abin da ke kisa a taku ƙasar ba, kuma yana iya jin maganarku ya ɗauke ta da wata ma'ana daban. In kun gargaɗe shi, ku tsaya sai kun tabbata ya gane. In ya yi muku dariya, ku haɗiye fushi ku sake faɗa. Ni kullum ina roƙon Allah gafara, amma wadda ya kamata in roƙa ta tafi tana ganin laifinta ne, kuma in tana raye, har yau haka take gani.