Sojan Fitila

Baffana bai taɓa harba bindiga ba a yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu. Aikinsa shi ne jera gwangwanayen kananzir a gefen filin jirgi, ya kunna su idan jiragen da ke farautar abokan gaba cikin duhu za su sauka. Rundunar tasu ko shekara ba ta yi ba aka wargaza ta. Ya dawo Bagudo ba lambar yabo, sai ɗabi'a guda: duk wanda ya yi tafiya daga gidanmu, ko fatauci ne zuwa Dahome, Baffa zai rataye fitila a zaure kullum da magariba har ya dawo. "Ba a kashewa sai jirgin ƙarshe ya sauka," in ji shi. Gari ya laƙaba masa sojan fitila. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Shekarar 'yancin kai ina sabon malamin makaranta, ana ji da ni, ni ma ina ji da kaina. Aka ba ni aikin rubuta sunayen tsofaffin sojojin da za su yi fareti. Tun saura mako guda Baffa ya wanke kakinsa, ya goge. Ya same ni a makaranta.

"Malam, ka sa ni?"

"Haba Baffa! Rundunarku ba ta cikin takardar da aka aiko. Wa ya san ta?"

Wallahi ƙarya nake, babu wata takarda. Tsoro nake kada a yi ihun sojan fitila a gaban Di'o, a ce baffan malam ne.

Ya dube ni ya ce, "Waɗanda suka san ta ba su sauko ba, ɗana." Ya juya.

Ranar fareti na hango shi can bayan taro cikin rigar gona. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Na nemi canjin aiki zuwa Kamba, na tafi ko sallama babu. Can labarin rasuwarsa ya iske ni bayan damina.

Da rana tsaka na iso gida, fitila na ci a zaure. Inna, matarsa, ta fito.

"Tun ranar da ka tafi yake kunna ta. Da ciwo ya kayar da shi ya ce kada kowa ya kashe. To, ka sauka. Kashe ta."

Na tsaya da akwati a hannu, na kasa hurewa.