Sallar Baba bayan bakinsa ya mutu

Ina butikina a Parakou, ina jera kayan babur, ƙanwata ta kira ni daga Djougou. Ta ce Baba ya faɗi wajen alwala. Tansiyo ce, wato hawan jini, inji likita. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya.

Jikin bai tsorata ni kamar abin da ya biyo baya ba. Da aka sallamo shi gida, Baba ya daina salla. Mutumin da in ladan ya makara shi ke zuwa ya buga masa ƙofa. In Inna ta kawo masa dutsen taimama sai ya ture shi da hannun hagu, ya juya fuska bango. Inna ta ce min, tana kuka, ita ba mutuwarsa take tsoro ba, tsoronta ya mutu a haka.

Na rasa wurin zama. In ina Parakou hankalina na Djougou, in na zo Djougou zaman ɗakin ya gagare ni. Direbobin taksi har suka san ni, suna tsokanata wai ko sabuwar amarya na ajiye a can. Na bi malamai, kowa abu guda yake faɗa: marar lafiya ya yi da zuciya, Allah ya sani. Na kawo wa Baba wannan magana kamar na zo da sabon labari. Ya yi min wani irin kallo, na ji kunya. To, wa zai koya wa wa? Shi ya koya min Fatiha.

Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Baba, to me kuke so a yi muku?" Ya buɗe baki, leɓen ya yi ta rawa, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa. Sai na gane Fatihar yake nema, kullum ita yake nema, tana maƙalewa a harshe, shi kuma ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da rabin aya ba. Taurin kai ne, amma na gidanmu ne, na san shi.

Wani tsohon abokinsa, mai sayar da goro a bakin kasuwa, ya zo gaisuwa ya tarar da mu haka. Bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, ɗauko shi mu je masallaci. Bayan liman wa ke karatu? Liman ke ɗauke wa kowa."

Na goya Baba a bayana, ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Magariba ce. Muka zaunar da shi a kujera a ƙarshen sahun farko, na tsaya gefensa, kafaɗarsa na taɓa cinyata. Liman ya fara karatu a bayyane, masallaci ya yi tsit, mai baki da marar baki duk ɗaya. Da aka yi ruku'u na ga kansa ya sunkuya tare da mu. Ban san yadda na ƙarasa sallar ba, hawaye nake har aka sallame.

Washegari dole in koma Parakou, butiki na rufe, masu jiran kaya sun dame ni da waya. Na ɗauki jakata na shiga yi masa sallama, direban taksi na ta danna ham a ƙofar gida. Daidai nan aka kira azahar. Baba ya damƙe bakin rigata da hannun hagu, ya nuna ƙofa da haɓarsa. Ƙanwata ba za ta iya ɗaukarsa ba, balle Inna.

Na leƙa na ce wa direban ya sa wani a wurina. Na ajiye jakar, na durƙusa na juya wa Baba baya.