An Ɗauki Yaya Tijjani

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen watan Yuni, shekarar da na gama aji biyu na firamare, Umma ta aike ni shagon askin Ammu Bashir in kira Yaya Tijjani, domin motar ruwa ta shigo layinmu kuma babu mai hawa mana da jarkoki hawa na uku sai shi. La'asar ta yi sanyi a bakin mutane kawai, amma iskar Jidda tana manne wa jiki kamar rigar da ba ta bushe ba. Na tsallake ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki, na kori kyanwoyin da suka tare hanya, na tsaya a bakin ƙofar shagon, tunda yarinya ba ta shiga wurin aski. Tun daga nesa nake jin hayaniyarsu. Samari sun cika benci, wani da rabin kai a aske an manta da shi, Ammu Bashir kansa ya ɗaga almakashi sama yana rantsuwa da Larabcin Sudan. Yaya Tijjani yana tsaye a tsakiya, kansa ya kusa taɓa fankar silin, jar rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana dukan tafin hannunsa yana cewa, "Wallahi idan ba su ɗauki dogon nan ba, na bar su. Halas, shi ke nan!" Na kira shi har muryata ta dushe, ko waiwayowa bai yi ba.

A bayan Bab Makka muke zaune a lokacin, cikin wani tsohon bene mai tagogin katako da suka fara zubewa, mu da wasu gidajen Hausawa da yawa, kowa da ɗakunansa. Baba direba ne a wani kamfanin kayan gini. Umma tana soya funkaso da ƙosai a ɗan lungun da ta mayar madafa, matan unguwa suna aikowa a saya, ni ce kuma mai kai wa har ƙofa. Da safe ni ke zuwa layin burodin tamis, in dawo da shi da zafinsa yana ƙona mini hannu. Da yamma mu 'yan mata mu hau saman bene mu kwashe shanya, mu zana gala-gala da gawayi tsakanin tankin ruwa da akurkin tantabarun maƙwabcinmu, mu yi ta tsalle har a kira magariba. Daga can sama ana hango baraha, wani fili da aka rushe gida aka bari, inda samari suka kafa bututun ƙarfe suka ɗaura masa zobe. Kowa a Jidda ƙwallon ƙafa yake bugawa, amma 'yan layinmu sai suka nace wa ƙwallon kwando, kuma duk saboda Yaya ne. Allah ya yi shi dogo na ban mamaki, har takalmin da zai shige shi sai an sha yawo a kasuwar gwanjo kafin a samu. In ya yi tsalle ya danna ƙwallo a zoben nan, bututun ya yi ta rawa, mu kuma mu yi ta ihu daga sama har Umma ta leƙo ta ce za ta ci mana mutunci.

Ƙungiyar da suke goyon baya a can Amurka take, kuma ba wani dalili ya haɗa su da ita ba illa wata dila ta gwanjo da aka kwance aka tarar da jajayen rigunanta a ciki. Kowa ya sa riga, shi ke nan ta zama tamu. Ashe ƙungiyar ba ta iya komai ba, kullum ita ce a ƙasa. Nasiru ne ya zo da labarin da ya faranta musu rai. Shi ɗan wani injiniya ne da ya zo aiki daga Najeriya, suna zaune a unguwar Sharafiyya, a gidansu akwai kwamfuta, kuma Hausarsa cike take da Turanci yadda tamu take cike da Larabci. Ya ce a can duk shekara ana yin wani abu wai shi diraf, ana jera sababbin 'yan wasa, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓa, kuma bana tamu tana cikin na gaba-gaba. Daga ranar aka shiga musu, babu dare babu rana. Nasiru yana son wani siririn yaro mai jifa daga nesa. Yaya yana son wani dogon baƙin saurayi ɗan Afirka wanda aka ce bai daɗe da fara wasan ba. Ammu Bashir yau yana wannan ɓangare, gobe yana wancan, gwargwadon wanda ke zaune a kujerarsa. Baba da ya ji ana ta diraf, diraf, ya ɗauka darar nan ce ta katako da tsofaffi ke bugawa a bakin titi, ya ce shi bai taɓa ganin lalacewa irin ta ƙato ya tsaya yana kumfar baki a kan dara ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa Yaya ba ya zuwa makaranta, ba ya zuwa aiki, ba ya wuce bakin babban titi. Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu. Kamfanin da Baba ya fara yi wa aiki ya rufe, aka sha wuya kafin a gyara tamu, shi kuwa da yake ya girma aka ce sai ya sami kafili na kansa, wanda zai tsaya masa. An haife shi a Jidda, bai taɓa taka wata ƙasa ba, amma kullum sai Umma ta bi shi da ido ta taga har ya shige baraha. "Kada ka haura titi," ita ce sallamarta da shi kowace rana. Baba ya yi ta bin mutane, wannan ya ce bayan Hajji, wancan ya ce in sha Allahu, aka yi ta jan zance.

A daren wannan Alhamis ɗin, muna cin abinci, Umma ta gaji da jin kalmar ta ce wai mene ne diraf ɗin nan da ya hana a hau mata da ruwa. Yaya ya yi dariya, ya nemi hanyar da za ta gane, ya ce, "Umma, kafili ne. Su kira sunanka a gaban duniya, su ɗauke ka, su yi maka iƙama, su ɗora maka hula." Umma ta ajiye ludayi ta dube shi, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To Allah ya sa a ɗauke ka, ɗan nan." Ni na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. A hankalina na yarinya, tunda babu wanda ya kai Yaya tsawo a duk Jidda, ai sunansa yana cikin waɗanda aka jera, kuma duk musun da ake yi a shagon aski kunya ce kawai ta hana su faɗi. Na kwanta ina lissafin yadda zan gaya wa 'yan ajinmu.

Ana yin abin ne da dare a can, wanda ya zo daidai da asubahinmu. Yaya ya kasa haƙurin jiran labari. Da aka idar da sallar asuba ranar Juma'a, maimakon ya dawo gida sai ya bi Nasiru, wanda ya kwana a wurin wani abokinsu a layinmu, suka nufi Sharafiyya su gani da idonsu a kwamfuta. Ban san ya fita ba. Hantsi ya fara dubawa, ina dawowa daga layin tamis da burodi a hannu, sai na tarar da Nasiru a gindin matattakalarmu, ya dafa bango yana haki, babu takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ya dube ni ya ce, "Safiya, je ki kira Baba. An ɗauki Tijjani."

Wayyo Allah, irin gudun da na yi! Na hau matattakalar nan bibbiyu, burodi ya faɗi ban tsaya ba, ina buga kowace ƙofa da na wuce ina ihu, "An ɗauki Yaya! An ɗauki Yaya Tijjani!" Har guɗa na gwada, irin wadda nake ji mata suna yi a biki, duk da ban iya ba. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo da murmushi don ta ji guɗa, da ta fahimci abin da nake faɗa sai murmushin ya mutu a fuskarta, ta dafe ƙirji. Ban kula ba. Na faɗa wa Umma a madafa ina tsalle, na rungume ƙafafunta ina cewa Allah ya karɓa, Allah ya karɓi addu'arta. Tana riƙe da matsami, mai yana tafasa a gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta sa tafin hannu ta rufe mini baki, ta danne har na ji ɗanɗanon gishirin ƙullun ƙosai. Ƙosan da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika ɗakin, babu wanda ya tashi ya sauke.

Sai daga baya na san cewa manyan unguwarmu ba sa cewa an kama mutum idan motar masu duba takardu ta tafi da shi. Kamu na ɓarawo ne, su kuwa waɗannan 'ya'yan mutane ne da ba su ɗauki kayan kowa ba, don haka sai a ce an ɗauke shi. Ba a faɗin wannan a gaban yara, shi ya sa ban taɓa ji ba. An tare su ne a kan babban titi, Nasiru ya nuna takardarsa aka ce ya wuce, Yaya kuwa aka ce ya hau, sai da ya sunkuya sosai kafin ya shiga motar. Baba ya yi ta zarya gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, yana dawowa da jakar kayan da ya tafi da ita. Ranar da aka karɓi jakar, a ranar muka san an gama magana. Umma ba ta sake ganinsa ba. Ta daina yi wa kowa addu'a da baki a fili. In ka yi mata alheri sai dai ka ga leɓɓanta suna motsi.

Bayan wasu makonni ya kira daga Kano, daga gidan wani ƙanen Baba da bai taɓa sani ba. Aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu har ta zo kaina. Shi ne ya ce, "Auta, wa suka ɗauka?" Na ce dogon. Ya yi dariya har wayar tana ƙara, ya ce, "Ban gaya musu ba? Ki je ki faɗa wa Nasiru." Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji. A kiraye-kirayen da suka biyo baya muryarsa ta yi ta ƙanƙancewa. Ya ce ana yi masa dariya in ya yi magana, ana ce masa Balarabe, shi da a Jidda ba a taɓa kiransa da komai ba sai Takari. Daga baya ya ce ya sami abokan tafiya, za su bi ta arewa su ratsa sahara zuwa bakin teku, ya ji an ce a Turai ana neman dogaye. Ya kira sau ɗaya daga hanya, iska tana kaɗawa har ba a jin rabin maganarsa. Daga nan shiru. Baba ya rasu yana tambayar duk wanda ya zo Umara daga ƙasashen nan ko ya ga wani dogo mai Hausar Jidda, Umma ta bi shi ba da daɗewa ba.

Yanzu babu benen, babu baraha, shagon Ammu Bashir ya zama wurin sayar da kayan waya. Ina zaune a Sharafiyya da mijina da 'ya'yana, takardunmu lafiya lau, nakan duba su a jaka ko da babu inda za ni. Babban ɗana ya taso da son ƙwallon kwando ba tare da kowa ya koya masa ba. Yana jin Hausa amma da Larabci yake ba ni amsa, kuma duk ƙarshen Yuni shi da abokansa sukan yi ta musu a waya kan wanda za a zaɓa, da zafin nan dai na da, sai dai su ba sa haɗuwa a ko'ina, kowa yana ɗakinsa. In an gama yakan kawo mini wayar in gani, yana zaton wasan nake so. Ni ba 'yan wasan nake kallo ba. Idan aka kira sunan yaro, kafin ya je ko'ina sai ya juya ga wata mata da ke zaune kusa da shi, ya sunkuya tun daga can sama, ta riƙe wuyansa tana kuka, ta faɗa masa wani abu a kunne, babu mai hanzarta su. Nakan ce wa ɗana ya mayar mini da wurin baya, ya mayar, in sake cewa ya mayar. Su an bar su sun yi sallama.