Mutumin da Ya Roƙi Ruwa a Gonar Riɗi

Gonarmu ta riɗi tana daidai ƙarshen filin jirgin sojoji, can wajen Rusairis a ƙasar Sudan. Bayan yaƙi ya lafa, wasu tsofaffin ƙananan jirage suka rage musu, da su ake koya wa samari tuƙi. Mu ɗayyara muke ce musu. Kullum da hantsi sai ɗaya ta taso bisa kanmu tana tari, har mun daina ɗaga kai.

Ranar muna yankan riɗi ni da Inna, uwar mijina. Muka ji ɗayyarar ta taso, ta yi tari biyu, sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Na gan ta tana karkacewa shiru, ta faɗa bayan ƙayoyin bakin kwari. Ƙasa ta motsa, baƙin hayaƙi ya miƙe.

Ba mu gama salati ba sai ga mutum ya fito daga cikin dawar maƙwabcinmu. Dattijo ne da kayan matuƙa, babu jini ko ƙura a jikinsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tsaya gaban Inna ya ce da Larabci, "Hajja, moya."

Inna ta ɗebo ruwa ta miƙa mishi. Ya shanye tas.

"Ɗana, kai kaɗai ne a ciki?" in ji ta.

"Akwai ɗalibina. Yau ne tashinsa na farko, kada ya tsorata." Ya yi godiya, ya juya ya nufi hayaƙin, ba sauri.

Da azahar sojoji suka cika kwarin. Wani hafsa ya zo yana tambayar abin da muka gani, na ce mun ba malamin ruwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce su biyun duka a kujerunsu aka same su, ɗaure da bel, sai da aka yanka aka fiddo gawarwakinsu.

Na buɗe baki, Inna ta matse min hannu. "Yarinya ce, rana ta buge ta," ta ce.

A hanyar gida na tambaye ta, "Inna, mi muka gani?"

"Baƙo ya roƙi ruwa, mun ba shi. Ki yi mishi addu'a, ki bar zancen."

Sauran riɗin wannan gefen ba mu yanke shi ba, a tsaye ya bushe ya zube. Bayan mako biyu jiragen suka ci gaba da tashi.