Waƙar Dakan da Ta Je Gaban Alƙali

Har gobe ban manta da Talatar da na tsaya gaban alƙali ba, shekara biyar kafin 'yancin kai. Ni ce mai tuwon leburori masu gyaran hanyar Tudun Wada zuwa Falgore. Shugabansu, wanda ake ce wa heluma, Tanko ne.

Da kaka, ina tafe da tulu, na ga Tanko ya jefar da guntun taba cikin ciyawa. Wuta ta tashi ta cinye dammunan dawar mutane. Tanko ya ce wani makiyayi ne, Jaɓɓo, ya sa wutar. 'Yan doka suka ɗaure bawan Allah.

Ba wanda ya tambaye ni, sai na sa abin cikin waƙar daka: "Tabar heluma ta ci dawa, mai sanda ya sha igiya." Leburori suka ɗauka, suna yi suna sara. Bayan kwana goma, ran Juma'a, Tanko ya ji, ya sallame ni.

Ran shari'ar Jaɓɓo na kai kaina, na faɗi abin da na gani. Tanko ya ce, "Allah gafarta Malam, haushin kora ne. Jiya ta ƙago shi."

Na ce, "Kowa ya ji ni ina faɗa."

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, ko sau ɗari kika faɗa, baki ɗaya ne. Maimaici ba ya zama shaida ta biyu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban ce a ƙirga ni biyu ba. Tanko ya ce kora ta haifi maganata. To, a tambaya, wa ya girmi wani, waƙar ko korar? Ɗa yana riga uwarsa zuwa duniya?"

Muhuti, malamin da ke taya alƙali duba littafi, ya ce wannan kam ana iya tambaya, tunda Tanko ne ya buɗe ƙofar. Aka kira leburori biyu. Dattijon cikinsu ya ce, "Tun toka na da zafi muke yin ta. Har shi heluma ya taɓa kaɗa kai, bai ji baitin ba."

Aka miƙa wa Tanko Alƙur'ani ya rantse. Ya kasa miƙa hannu. Aka kwance Jaɓɓo.

Ba a mai da ni aiki ba, ban kuma roƙa ba. Ku masu aiki yanzu, in kun ga abu ku faɗe shi ran da kuka gani, tun ba ku da abin ci ko abin rasawa a ciki. Alƙali ba yawan faɗi yake aunawa ba, ranar fari yake tambaya.