San Huɗa Cikin Shuɗin Fenti

Ga wani manomi a bakin hanyar Guri, ƙasar Haɗejiya, gemu ya fara furfura, jesi ta matse masa tumbi. Kulob ɗinsu na Turai ya ɗauki kofi, shi ne yake jan san huɗa cikin ayarin 'yan babura, ya shafe shi da shuɗin fenti har ƙaho. Fentin ya shiga idon san, yana turjewa, shi kuwa sai tsula masa bulala yake.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Alhaji, yau ranarmu ce!"

Ranarku? Dubi kantar karkiya a wuyan san, fenti bai rufe ta ba. Shi ya huɗe maka fadama bana, ba waɗanda ba su san da Haɗejiya a duniya ba.